Soja a cikin aji: fashin baƙi kan faɗi-tashin diflomasiyya na kare makarantu lokacin yaƙi

Kwamandan da ya shigo gari da dakarunsa ana tsakiyar yaƙi, abu na farko da yake nema shine inda zai sauke su, kuma in ka duba da irin idonsa babu ginin da ya kai makaranta dacewa. Ga katanga, ga ɗakuna a jere, ga banɗaki da ruwa, ga fili da za a ajiye motoci, in mai bene ce ma sai a ɗora mutum a sama yana hango duk mai shigowa gari. Yara kuwa dama sun gudu ko an ce su zauna a gida. Toh sai a shiga, a ce ai na kwana biyu ne, kwana biyu ya koma wata shida, a faffasa benci a hura wuta, a jibge harsasai a ofishin hedimasta. Ranar da abokan gaba suka gano sai su yi wa ginin ruwan wuta, kuma abin da yake ci min rai shine a dokar yaƙi ta duniya mai yiwuwa ba su aikata laifi ba. A kan wannan ramin ne jakadu da lauyoyi da ƙungiyoyin agaji suka shafe shekara da shekaru suna kai-komo.

Bari a fara da dokar kanta, don in ba a gane ta ba sauran bayanin ba zai zauna ba. Yarjejeniyoyin Jeniba na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977 sun raba abubuwa gida biyu, akwai na farar hula akwai na soja, na farar hula ba a kai masa hari. Makaranta tana cikin na farar hula, har ma sashe na 52 na ƙarin farko ya ambace ta da suna, ya ce in ana shakka ko ana amfani da ita wajen yaƙi ko ba a yi, to a ɗauka ba a yi. Dokar Rum ta 1998 wadda ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke birnin Heg ita ma ta ce kai hari da gangan kan ginin da aka keɓe don ilimi laifin yaƙi ne. Amma dukansu akwai sharaɗi a gindinsu: muddin ba a mayar da ginin wurin aikin soja ba. Da zarar an ajiye makamai ko an kafa sansani a ciki, kariyar nan tana iya faɗuwa, abin da ya rage kawai shine wajibin mai kai harin ya yi taka-tsantsan kuma kada ɓarnar da za a yi wa farar hula ta zarce amfanin da yake nema. Kuma babu wani sashe da ya fito ɓaro-ɓaro ya ce wa soja haramun ne ka shiga makaranta ka zauna. Asibiti yana da kariya ta musamman, yana da tambarin da kowa ya sani, an hana a fake da shi. Makaranta ba ta samu wannan gatan ba.

A Majalisar Ɗinkin Duniya maganar ta fara ɗaukar zafi ne daga 1996, lokacin da Graça Machel, wadda ta taɓa riƙe ministar ilimi a Mozambik, ta miƙa rahotonta kan yadda yaƙi yake cinye yara. Daga nan aka buɗe ofishin wakili na musamman na Babban Sakatare kan yara da yaƙi, sannan a 2005 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1612 wanda ya kafa tsarin sa ido da tattara bayanai a ƙasashen da ake rikici. Manyan laifuka shida ake bibiya: kashe yara ko nakasa su, sa su aikin soja, fyaɗe da makamantansa, sace su, hana kayan agaji isa gare su, da kai hari kan makarantu da asibitoci. Duk shekara Babban Sakatare yana fitar da rahoto, a ƙarshensa akwai jerin sunayen rundunoni da ƙungiyoyin da aka samu da laifi, shi ake kira jerin kunya. Da farko sa yara aikin soja ne kaɗai yake jefa mutum a jerin, a 2009 aka ƙara kashe yara ko nakasa su da fyaɗe, sai a 2011 Jamus ta ja gaba aka zartar da ƙuduri mai lamba 1998 wanda ya ce kai hari kan makaranta ko asibiti shi ma ya isa a rubuta sunanka. Fita daga jerin kuma a ƙa'ida sai ka zauna da Majalisar kun sa hannu kan tsarin gyara kuma an ga ka aiwatar.

Wannan ya taɓa masu kai hari, amma bai taɓa masu shiga su zauna ba. Shi ya sa wasu hukumomi da ƙungiyoyi, cikinsu akwai UNICEF da UNESCO da Human Rights Watch da Save the Children, suka haɗa gamayya a 2010 don kare ilimi daga hare-hare, kuma suka fara tunanin a rubuta wa sojoji ƙa'idoji. A 2012 aka tara masana a garin Lucens na ƙasar Suwizalan, kuma dabarar da ta burge ni ita ce wanda aka ba alƙalamin rubuta daftarin, Farfesa Steven Haines, tsohon hafsan sojan ruwan Birtaniya ne da ya koma malamin shari'a. Wannan ba ƙaramar hikima ba ce, don soja ba ya sauraron wanda yake ganin bai san filin daga ba, in ka kawo masa doka da ba za ta yiwu a aikace ba zai karɓa ya jefa a durowa. Aka yi ta tuntuɓar ma'aikatun tsaro da na ilimi da ƙungiyar Red Cross, har aka kammala ƙa'idojin a Jeniba a watan Disamban 2014, Norwe da Ajantina suka ɗauki nauyin tallata su ga sauran ƙasashe.

Ku duba lokacin da abin ya faɗo. A watan Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a Najeriya. A watan Disamban da aka kammala ƙa'idojin 'yan Taliban na Pakistan suka shiga wata makaranta a Peshawar suka kashe mutum sama da 140, mafi yawansu yara. A watan Afrilun 2015 Al-Shabab ta kashe mutum 148 a jami'ar Garissa ta Kenya. Zuciyar duniya a tafashe take, don haka da aka kira taro a Oslo a ƙarshen watan Mayun 2015 aka gabatar da Sanarwar Kare Makarantu, ƙasashe 37 suka amince nan take.

Me ƙa'idojin suka ce? A taƙaice makarantar da ake karatu a cikinta kada a yi amfani da ita wajen yaƙi ko ta wace fuska, ko da hutu ake ko ƙarshen mako. Wadda aka gudu aka bari ita ma kada a shiga sai in babu wata mafita kwata-kwata, kuma a fita da wuri. Kada a rusa makaranta don kawai kada abokin gaba ya amfana da ita gobe. In abokin gaba ne ya shiga ya zauna, kafin a buɗe wuta a duba ko akwai wata hanya, har da yi masa gargaɗi ya fita. Sannan a saka duk wannan a littattafan horar da soja da umarnin da ake ba dakaru, kuma a ganina wannan na ƙarshen shine ƙashin bayan abin, don kurtun da ke bakin daga bai san an yi wani taro a Oslo ba, abin da ya sani shine umarnin da na sama da shi ya ba shi.

Akwai ƙa'ida ɗaya da nake so a tsaya a kanta don ita ce mutane suka fi yi wa gardama, ni ma sai da na daɗe ina juya ta. Ta ce kada a sa dakarun da ke yaƙi gadin makaranta sai in babu wata hanyar samar da tsaro, in da hali a yi amfani da jami'an farar hula da aka horar, ko a mayar da yaran wani wuri mafi aminci. Uban da ya ga an kwashe yara a garin da ke kusa abin da zai fara cewa shine a kawo soja, kuma wallahi ba za ka ga laifinsa ba. Amma shi ɗan bindigar da yake farautar soja don ya ƙwace makami, yanzu ka nuna masa inda zai same shi, kuma musayar wutar a tsakar makaranta za a yi ta, yara suna kwance a ƙarƙashin tebur. Gaba kura baya sayaki kenan. Masu rubuta ƙa'idar ba su ce a bar yara ba tsaro ba, cewa suka yi in dole sai soja to ya tsaya nesa da harabar, ya tsare hanyoyi da kewaye, kada ya kwana a aji. Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba, inda duk aka zuba maza masu bindiga kusa da 'yan mata masu tasowa iyaye suna janye 'ya'yansu, kuma tsoronsu yana da tushe, an sha samun rahoton cin zarafi a irin wannan yanayi. Yarinyar da aka cire daga aji a shekara goma sha uku da wuya ta koma, sau da yawa aure ake yi mata.

Sai tambayar da kowa yake yi: tunda abin yana da muhimmanci haka, me ya sa ba a yi yarjejeniya mai ɗaure ƙasa ba, aka tsaya a sanarwa? Don gaskiya sanarwar Oslo alƙawarin siyasa ce, ƙasa tana aika wasiƙa ga ma'aikatar harkokin wajen Norwe ta ce ta amince, shikenan, babu kotun da za ta kama ta in ta saɓa. Ba wai ba a san hanyar yarjejeniya ba ne, an yi ta hana nakiyoyin da ake binnewa a Ottawa a 1997, an yi ta hana bama-bamai masu 'ya'ya wadda aka sa wa hannu a Oslo ɗin dai a 2008. Amma yarjejeniya tana cin shekaru, kuma ƙasashe masu manyan rundunoni suna gudun duk abin da zai ɗaure hannun kwamandojinsu. Ko wannan sanarwar mai sauƙi ma sai da wasu suka noƙe, suna cewa ƙa'idojin sun wuce abin da dokar yaƙi ta tanada kuma suna tsoron a wayi gari sun zama doka ta bayan gida. Faransa da Kanada sai 2017 suka shigo, Birtaniya da Jamus sai 2018. Yukiren ta zama ta 100 a 2019, yanzu an kai wajen 120. Rasha da Sin ba sa ciki. Ni dai ra'ayina zaɓin da aka yi daidai ne a lokacin, da babu gara ba daɗi, amma da sharaɗin kada a riƙa ƙirga sa hannu ana kiransa nasara.

Inda ake ganin amfanin abin shine inda ya sauko daga takarda ya shiga umarni. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da umarni a ƙarshen 2015 cewa dakarunta kada su zauna a makaranta, kuma daga baya ƙasar ta saka haramcin mamaye makaranta a dokar kare yara ta 2020. Littafin da Majalisar take ba bataliyoyinta tun 2012 ya ce kada a yi amfani da makaranta wajen aikin soja. Denmak da Suwizalan da New Zealand sun gyara littattafan sojojinsu. Filifin ma tun 1992 tana da doka da ta kira yara yankin zaman lafiya ta hana mayar da makaranta bariki, wato tunanin ya girmi Oslo. Gamayyar da na ambata ta ce a ƙasashen da ke fama da rikici waɗanda suka amince da wuri, rahoton sojoji a makarantu ya ragu sosai a shekarun da suka biyo baya. Kuma ko ba komai sanarwar ta ba jami'in ilimi ko ma'aikacin agaji abin riƙewa a hannu in zai je wajen kwamanda, maimakon roƙo kawai sai ya ce ranka ya daɗe gwamnatinka ce ta yi wannan alƙawarin.

An ci gaba da taruka, Buenos Aires a 2017, Palma ta Sifaniya a 2019, Abuja a watan Oktoban 2021 wanda shine na farko a Afirka. Kwana biyu da rufe taron Abuja, ranar 29 ga Oktoba, Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 2601 ba tare da ko ƙasa ɗaya ta ƙi ba, Nijar da Norwe ne suka jagorance shi, kuma shine na farko da ya tsaya kacokan kan kare ilimi lokacin yaƙi. Shigar Nijar gaba a wannan aikin tana da ma'ana, don ƙasa ce da ake rufe makarantu a cikinta saboda 'yan bindiga, ba mai kallo daga nesa ba. Katar kuma ita ta kawo shawarar da ta sa a 2020 aka ware 9 ga Satumba a matsayin ranar kare ilimi daga hare-hare ta duniya.

Toh amma in aka koma filin daga, labarin yana da ɗaci. Rahoton gamayyar na 2024 ya ƙirga hare-hare da mamaye makarantu kusan 6,000 a shekarun 2022 da 2023, ƙarin kusan kashi 20 cikin ɗari kan shekaru biyun da suka gabata, ɗalibai da malamai sama da 10,000 aka kashe ko aka raunata ko aka sace ko aka kama. A Gaza yara sama da 600,000 suka rasa karatu tun Oktoban 2023, mafi yawan gine-ginen makarantu sun lalace, kuma da yawansu cike suke da iyalan da suka gudo neman mafaka lokacin da aka buge su, Isra'ila tana cewa mayaƙan Hamas ne a ciki, Hamas tana musantawa, waɗanda ke ƙarƙashin ɓaraguzan kuwa da yawansu mata ne da yara. A Yukiren dubban makarantu sun lalace tun 2022, har an koma yin aji a tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a birnin Kharkiv. Sudan tana cikin waɗanda suka amince da sanarwar tun 2015, amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya raba miliyoyin yara da aji. A Burkina Faso akwai lokacin da makarantu sama da 6,000 suke rufe a 2023. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma babu wanda zai tashe shi.

Jerin kunyar ma bai tsira daga siyasa ba, kuma wannan yana min ciwo don shine ɗan haƙorin da tsarin yake da shi. A 2016 an saka rundunar ƙawance da Saudiyya ke jagoranta a Yaman cikin jerin, bayan 'yan kwanaki Babban Sakatare na lokacin, Ban Ki-moon, ya cire ta, kuma ya fito da bakinsa ya ce an yi barazanar janye kuɗin da ake ba ayyukan Majalisar ne. Tun daga nan duk wanda aka rubuta sunansa sai ya ce ai son kai ne. An ɗan farfaɗo da martabar jerin da aka saka sojojin Rasha a 2023, sannan a 2024 aka saka na Isra'ila tare da Hamas da Islamic Jihad, amma saka suna bai tsayar da bam ko ɗaya ba, kuma Kwamitin Sulhu ba zai hukunta ƙasar da ke da kujerar naƙi ko ƙawarta ba. Shari'a kuma ta yi ƙaranci ƙwarai, da wuya ka ji an gurfanar da wani kwamanda takamaimai don ya rusa makaranta.

Akwai kuma waɗanda ba su da kujera a kowane zauren taro, wato ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai. Su ba ƙasa ba ne, ba za su amince da sanarwar Oslo ba ko suna so. Wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Geneva Call tana bin irin waɗannan har dazuzzuka tana sa su rattaba hannu kan alƙawarin kare yara, wanda ya haɗa da kauce wa amfani da makarantu, kuma wasu sun sa, musamman masu neman duniya ta ɗauke su a matsayin gwamnatin gobe. A Nepal lokacin yaƙin gwamnati da 'yan tawaye masu bin aƙidar Mao an gwada zama da ɓangarorin biyu gari-gari ana yarda cewa makaranta ba filin daga ba ce, har gwamnati ta mayar da abin manufar ƙasa a 2011. Amma wannan yana aiki ne da wanda makaranta ta faɗo masa a hanya kawai. Wanda ita makarantar ce abokiyar gabarsa, kamar Boko Haram ko masu iƙirarin jihadi a Sahel da suke ganin malamin gwamnati wakilin gwamnati ne, ko 'yan awaren yankin Ingilishi na Kamaru da suka mayar da hana zuwa makaranta makamin siyasa, ko masu satar ɗalibai don kuɗin fansa, babu jakadan da zai lallashe shi da takarda. A nan nauyin yana komawa kan gwamnatin da ta sa hannu, don sanarwar ba maganar soja kaɗai ta yi ba, ta ce a tattara bayanan hare-hare, a yi bincike a hukunta, a taimaki waɗanda abin ya shafa, a tabbatar karatu bai tsaya ba ko da ta rediyo ne ko a wani wuri na wucin gadi. Waɗannan duk kuɗi suke ci, kuma ilimi yana cikin ɓangarorin da suka fi samun ɗan ƙaramin kaso a kuɗin agajin gaggawa na duniya.

Ko an yi sa'a sojan ya fita ma aiki bai ƙare ba. Ƙa'idojin sun ce duk wanda ya zauna a makaranta in zai tashi ya kwashe komai nasa, ya cike ramukan da ya haƙa, ya cire buhunan yashi da waya mai ƙaya, ya gyara abin da ya ɓata, kuma a share harabar daga harsasai da bama-baman da ba su fashe ba kafin yara su dawo. Dalili kuwa a fili yake, jirgi marar matuƙi da ke shawagi a sama in ya hango buhunan yashi a bakin taga ba zai san cewa dakarun sun tashi tun watan jiya ba, kuma yaro ɗan aji biyu in ya tsinci gurneti a bayan banɗaki ɗauka zai yi ya nuna wa abokansa.